Saniya Mai Lamba 133

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimetin shekarar 1984, wani manomi a yankin Sasiks da ke kudancin Ingila ya kira likitan dabbobi ya zo ya duba masa wata saniya. Lambarta 133 a garken. Ta rame, bayanta ya yi doro, kanta sai rawa yake yi, kuma in ta tashi tafiya ƙafafun baya su riƙa harɗewa kamar wadda aka bai wa abin maye. Likitan ya gwada duk abin da ya sani, ba a ga sauƙi ba. A watan Fabrairun 1985 saniyar ta mutu, kuma kafin a kai ga binne ta wasu 'yan uwanta a gonar sun fara irin wannan tangaɗin.

Masu tatsa su suka fi kowa ganin abin da idonsu. Saniyar da aka sani da sanyin hali, wadda ta shekara biyar tana shiga ɗakin tatsa da kanta, sai a wayi gari ta toge a bakin ƙofa, idanu a zazzare, ta ƙi shiga. A taɓa mata hantsa ta kai shuri. Ƙarfe ya faɗi ta zabura kamar an harba bindiga. Babu zazzaɓi, babu zawo, tana ma cin abinci, amma kullum sai ƙara zubewa take yi, har ranar da za ta zame a kan siminti ta kasa tashi. 'Yan jarida suka sa wa abin suna haukan shanu. An zargi guba, an zargi ciyawa mai ruɓa, an zargi ƙarancin sinadarin maganiziyam a jini, wanda dama yakan sa saniya firgita da karkarwa. Duk aka bi, aka dawo hannu rabbana.

Haske na farko ya fito ne daga babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na gwamnati da ke Waibirij. A watan Nuwamban 1986 masana a can suka yanka ƙwaƙwalwar wasu shanun siriri siriri, suka sa a ƙarƙashin madubin likita. Maimakon su ga nama a cike, sai suka ga ƙananan ramuka birjik, kamar soson wanka. Wannan hoto ba baƙo ba ne gare su, amma a tumaki suka san shi. Akwai wata cuta da makiyayan Ingila suka sani tun 1732, wadda ake kira sikirafi, mai sa tunkiya ta yi ta goga jikinta a jikin shinge har gashinta ya zube, ta haukace, ta mutu. Shekara 250 tana cikin tumaki, ba a taɓa ganinta a saniya ba, ba a kuma taɓa samun mutumin da ya ɗauke ta daga cin naman rago ba. Gerald Wells da abokan aikinsa suka wallafa bayanin sabuwar cutar a 1987, aka taƙaita sunanta da BSE. An san dangin cutar ke nan. Ta inda ta shigo ne ya rage.

Aka ɗora aikin a kan John Wilesmith, masanin yadda annoba ke yaɗuwa cikin dabbobi. Abin da ya yi yana burge ni har yau, domin babu wata na'ura mai tsada a ciki. Takarda ce da tambayoyi, da haƙurin bin gona gona. Ina aka haifi saniyar? Wane bijimi ne ubanta? Wace allura aka yi mata? Wane maganin ƙwari aka zuba mata a gadon baya? Akwai tumaki a gonar? An sayo dabba daga waje?

Amsoshin suka riƙa rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Da gado ne, da an ga cutar tana bin zuriyar wasu bijimai, amma sai ga ta a jinsin shanu iri iri da ba su haɗa jini ba. Da daga tumaki take tsallakowa a makiyaya, da gonakin da ba su da tunkiya ko ɗaya sun tsira, amma ba su tsira ba. Allura da maganin ƙwari kuwa, wasu an yi musu, wasu ba a yi ba, duk sun kamu. Sannan ga wani abu da ya fi ɗaure kai. Cutar da dabba ke shafa wa dabba takan fara ne a wuri guda, ta ci garke, ta tsallaka maƙwabta, kamar gobarar daji. Wannan kuwa ta ɓulla ne a gonaki masu nisa da juna kusan a lokaci guda, nan saniya ɗaya, can biyu, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Wilesmith ya gane cewa duk daga tushe ɗaya suke sha, kamar mutanen unguwanni dabam dabam da ke ɗiban ruwa a rijiya guda. Da ya lissafa shekarun shanun da suka kamu, ya koma baya, sai lissafi ya nuna masa cewa sun gamu da abin ne tun suna maruƙa, wajen hunturun 1981 zuwa 1982, cutar kuma ta yi shekara huɗu zuwa biyar tana kwance a jikinsu ba alama.

Me maruƙan Ingila ke ci tun suna ƙanana? A nan ne zaren ya fara kamuwa. Cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba a garkunan da ake kiwo don madara, ta yi ƙaranci a waɗanda ake kiwo don nama. Maraƙin garken nama yana tare da uwarsa, yana shan nono, yana cin ciyawa. Shi kuwa na garken madara kwana kaɗan da haihuwa ake raba shi da uwa, tunda nonon na sayarwa ne, a yaye shi da wuri, a koma zuba masa haɗaɗɗen abinci na buhu. Akwai kuma tsibirai biyu maƙwabtan juna kusa da gaɓar Faransa, Ganzi da Jazi, duk sanannu da shanun madara. Cutar ta yi wa Ganzi yawa, Jazi kuwa kaɗan ta taɓa. Da aka bincika sai aka tarar ba wuri ɗaya suke sayen abincin dabbobi ba, kuma haɗin ya bambanta. Wilesmith ya nemi masu haɗa abinci su buɗe masa littattafansu. Kafin ƙarshen 1987 ya sa yatsa a kan abu guda da ke cikin abincin duk shanun da ya bi diddiginsu: garin nama da ƙashi.

Wanda bai san harkar ba zai yi mamakin jin cewa saniya na cin nama. Ga yadda abin yake. Idan an yanka saniya, kusan rabinta ne ke zuwa tukunyar mutane. Sauran, wato kai, ƙasusuwa, laka, hanji, huhu, tarkacen kitse, har da mushen da ya mutu a gona da wanda likita ya ƙi amincewa da shi a mayanka, duk akan kwashe su a manyan motoci zuwa masana'anta. A can a niƙa, a dafa, a tsame kitse don sabulu da makamantansa, abin da ya saura a busar a mayar da shi gari mai ruwan ƙasa. Garin nan cike yake da furotin, ga shi ya fi waken suya da ake shigowa da shi araha, saniyar da ta ci shi kuma sai ta ƙara madara. Kowa ya ga riba: mai mayanka ya rabu da shara, mai masana'anta ya samu kasuwa, manomi ya samu nono.

Sai dai wannan amsa ta haifi wata tambayar. An yi gomman shekaru ana zuba wa shanu garin nan lafiya ƙalau. Me ya canza? Wilesmith ya lura cewa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 yawancin masana'antun sun sauya hanyar aiki, sun daina wanke garin da wani sinadari mai tsame kitse, wanda bayansa akan bi da tururi mai zafi. Masana'antun da suka ci gaba da tsohuwar hanya a Sikotilan suke, can kuma cutar ba ta yi ƙamari kamar kudu ba. Saboda haka aka daɗe ana ganin sikirafin tumaki ne ya samu ƙofa ya shiga shanu. Kwamitin bincike na Lord Phillips, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Oktoban 2000, bai gamsu da haka ba. A ganinsa cutar ta fara ne tun farkon shekarun 1970, mai yiwuwa a jikin saniya guda da abin ya taso mata haka kawai, kuma tsohuwar hanyar dafuwar ma ba ta isa ta kashe ta gaba ɗaya ba. Masana sun saɓa a kan mafarin, amma babu saɓani a kan abin da ya biyo baya. Saniya ta kamu, ta mutu, an niƙa ta, an zuba wa maruƙa ɗari. Su ma sun girma, an yanka su suna ɗauke da cutar ba wanda ya sani, an sake niƙa kawunansu, an zuba wa dubbai. Shekara da shekaru abin yana zagayawa yana ninkuwa, alhali a gona kowace saniya lafiyarta lau a ido.

To, wace irin ƙwayar cuta ce za a dafa ta a masana'anta ta fito da ranta? Tun a shekarun 1960 wata masaniya mai suna Tikvah Alper ta haska wa ƙwayar sikirafi hasken da ke tarwatsa ƙwayar halittar kowace irin bakteriya ko bairos, amma abin ya ci gaba da kama dabbobi. A 1982 Stanley Prusiner na Amurka ya ce dalili shi ne ba mai rai ba ne sam, ya sa masa suna firiyon. Furotin ne da kowannenmu ke da shi a ƙwaƙwalwa, sai dai wannan ya naɗe a karkace. Idan ya gamu da ɗan uwansa mai lafiya sai ya karkatar da shi, shi ma ya karkatar da na gaba, kamar yadda wake ɗaya ke ɓata gari, har su taru su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su bar ramuka. Tafasa ba ta kashe shi, maganin da ake wanke kayan tiyata ba ya yi masa komai, jiki kuma ba ya ganinsa a matsayin baƙo balle ya yaƙe shi. An yi wa Prusiner dariya a farko, a 1997 aka ba shi kyautar Nobel. Dama akwai izina a tarihin mutanen Fore na ƙasar Papuwa Niyu Gini, waɗanda wata cuta mai suna kuru ta riƙa kashe matansu da yaransu. Al'adarsu a da ita ce cin gawar mamaci don girmama shi, mata da yara kuma su ke cin ƙwaƙwalwa. Da aka bar al'adar wajen 1960 cutar ta fara ja baya, amma wasu sai bayan shekara 40 da ɗoriya ta tashi musu.

A watan Yulin 1988 gwamnatin Birtaniya ta hana zuba wa shanu da tumaki furotin na dabbobi masu tuƙa. Ta kuma ce a kashe duk saniyar da ta nuna alama, amma rabin kuɗinta kawai za a biya mai ita. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san abin da wannan ke haifarwa: mai dabba da ya ga ta fara tangaɗi gara ya yi sauri ya kai ta mayanka ya karɓi cikakken kuɗi. Sai a Fabrairun 1990 aka koma biyan cikakkiyar diyya. Alƙaluma suka ci gaba da hawa, har aka tabbatar da kamuwar shanu kusan 37,000 a 1992 kaɗai. Wannan bai ba masana mamaki ba, tunda shanun da suka ci garin tun kafin doka ne ke faɗuwa.

Abin da ya ba su mamaki shi ne da aka fara ganin cutar a shanun da aka haifa bayan dokar. Ba ɗaya ba, ba goma ba, a ƙarshe sun haura 40,000. Ko dai Wilesmith ya yi kuskure ne? Aka sake komawa gona gona, sai aka lura cewa irin waɗannan sun fi yawa a yankunan da ake yawan kiwon alade da kaji. Dokar 1988 ba ta hana sa garin nama a abincin alade da kaji ba, kuma inji ɗaya ke niƙa na kowa. A gama haɗa na kaji, a zuba na shanu a kai. Mota ɗaya ke dakon duka biyun. A gona kuma, in na shanu ya ƙare akan ɗebo na kaji a zuba musu. An ɗauka ɗan abin da ya maƙale a lungun inji ba komai ba ne, sai gwaji ya nuna giram ɗaya na ƙwaƙwalwar saniya mai cutar ya isa ya kama maraƙi ta baki, daga baya ma aka ga miligiram ɗaya na iya yi. Sai da aka haramta garin ga kowace dabbar gona a 1996 sannan ƙofar ta rufu da gaske.

Tun farko tambayar da ke cin zuciyar kowa ita ce ta mutane. Kwamitin masana ƙarƙashin Richard Southwood ya ce a 1989 haɗarin yana da nisa ƙwarai, yana dogaro da tarihin sikirafi. A ƙarshen shekarar an hana sa ƙwaƙwalwa da laka da saifa da hanjin shanu a abincin mutane, amma ba a tsaurara sa ido a mayanka ba. Alamu kuwa sun riga sun nuna cewa wannan cuta ba ta san shinge ba. Wasu namun dajin Afirka dangin gwanki da ke gidajen zu na Ingila, waɗanda ake ba irin abincin shanu, sun mutu da ita. A watan Mayun 1990 wata kyanwa a Biristol ta mutu da ita, abin da sikirafi bai taɓa yi ba. A cikin watan ne ministan noma John Gummer ya tsaya gaban 'yan jarida yana miƙa wa 'yarsa mai shekara huɗu burodi da naman sa, don ya nuna babu komai. Ban ɗauke shi maƙaryaci ba, ya yarda da abin da aka gaya masa. Laifin da nake gani shi ne na hukumar da ta fi tsoron faɗuwar kasuwar nama a kan ta fito ta ce wa jama'a abin bai tabbata ba tukuna.

Alhamdu lillahi, a 1990 ɗin an kafa wani sashe a Edinbara don lura da cutar CJD, dangin BSE a jikin ɗan Adam, wadda ke kama kamar mutum ɗaya cikin miliyan a shekara, galibi 'yan shekara 60 zuwa sama, ta kashe cikin 'yan watanni. A 1995 wani saurayi ɗan shekara 19 ya mutu da ita. Sai wani matashin, sai wata. Su ciwon kan fara musu ne da damuwa da janyewa daga mutane, har a kai su wajen likitan ƙwaƙwalwa ana zaton taɓin hankali ne, sannan zafin gaɓoɓi, sannan tangaɗi, sannan su daina gane iyayensu. Sukan shekara ko fiye suna jinya. Robert Will da James Ironside, masanan wannan sashe, suka ga ƙwaƙwalwarsu ta bambanta da duk wadda suka taɓa dubawa: dunƙulen furotin a tsakiya, ramuka kewaye da shi kamar fure. Ranar 20 ga Maris 1996 ministan lafiya Stephen Dorrell ya shaida wa majalisa cewa an samu mutum goma da sabon nau'in cutar, kuma mafi kusa ga gaskiya daga naman shanu ne. Cikin mako guda Tarayyar Turai ta hana fitar da naman shanun Birtaniya. Hujjar ƙarshe ta zo a 1997 daga ɓerayen gwajin masaniya Moira Bruce: waɗanda aka sa wa ƙwaƙwalwar matasan nan da waɗanda aka sa wa ta shanu sun kamu a adadin kwanaki iri ɗaya, ramukan kuma a wurare iri ɗaya. Cuta ɗaya ce.

Akwai wani ƙauye a yankin Lesta mai suna Kwinibara inda mutum biyar da ke da alaƙa da shi suka mutu tsakanin 1998 da 2000. Masu bincike suka bi abin da iyalan ke ci a shekarun 1980, sai sawu ya kai su ga ƙananan mahautan yankin, waɗanda kan fasa kan saniya su ciro ƙwaƙwalwa, sannan su ci gaba da yankan nama da wuƙar a kan katakon. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a kasuwarmu ya san wannan hoton.

A Birtaniya mutum 178 suka mutu, an tabbatar da cutar a shanu sama da 180,000, an kuma hallaka fiye da miliyan huɗu don kashe wutar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan an hana zuba wa shanu garin a gida a 1988, an ci gaba da loda shi a jiragen ruwa ana sayar wa ƙasashen waje. Jamus ta ga cutar a shanunta a 2000, Japan a 2001, Kanada da Amurka a 2003.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin jallala, wato dabbar da ke kiwo a kan najasa, ko a ci namanta a sha nononta, ko sai an tsare ta an canza mata abinci. Sun saɓa a kan hukuncin, amma sun ɗauki abin da dabba ke ci a matsayin maganar da ta shafi mai cin ta. Shanunmu yawanci ciyawa suke ci da kara da harawa da dusa, wannan kuwa babbar kariya ce. Sai dai kiwon kaji da na kifi ya bunƙasa, kuma a bayan kwata za ka ga ana dafa jini a rabin durom ana shanyawa, ana tara ƙashi ana ƙonawa a niƙa. Garin ƙashin da bai ƙonu sosai ba sananniyar hanya ce ta cutar saifa, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023.

Gab da Babbar Sallar bara na shiga gidan wani dattijo maƙwabcina, na tarar yana zuba wa ragunansa uku wani gari daga buhu. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Abincin kaji ne, ɗana. Sati uku za ka ga rago ya cika fatarsa." Na roƙe shi muka je wurin mai haɗawar. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba: masara, dusar alkama, waken suya, ƙuli-ƙuli, gishiri, garin ƙashi, wani lokaci da garin jini idan waken suya ya yi tsada. Ya ce yana haɗa na tumaki ma dabam, shi babu ƙashi babu jini a ciki. Na tambaye shi a ina yake niƙa na tumakin. Ya juya ya nuna mini injin da ke bayansa, garin kaji fari fat a bakinsa, ya ce, "Ai guda ɗaya gare ni, Malam."